Gyaran Murya Ba Ya Gyara Murya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda mawaƙa da 'yan amshi suke riƙon muryoyinsu. Na shafe shekaru ina koya wa matasa rera waƙa, kuma tambayar da suka fi yi mini ita ce me za su sha dab da hawa dandamali don murya ta washe. Amsata ba ta yi musu daɗi, domin babu abin da mutum zai haɗiya ya taɓa wurin da sauti yake fitowa.

Sautin murya yana fitowa ne daga wasu tantani biyu da ke cikin maƙogwaro a bakin hanyar iska, waɗanda tsawon kowannensu bai wuce santimita 2 da rabi ba ko a wuyan babban namiji. Iskar huhu ce take kaɗa su, su buɗe su rufe kimanin sau 100 a daƙiƙa ɗaya idan namiji yana magana, ninki biyu na haka idan mace ce, idan kuwa mawaƙiya ta kai muryarta can ƙololuwa, adadin yakan haura 1,000. Shi abin da aka haɗiya hanyarsa daban ce, tana bayan ta iska, kuma akwai wani marfi da ke rufe hanyar iskar a duk lokacin haɗiya. Da ruwa zai sauka a kan tantanin nan, da mai shan ya ƙware ya yi ta tari. Saboda haka ruwan da zai amfani mawaƙi da dare shi ne wanda ya yi ta kurɓa tun da safe, wanda ya bi jini ya tsinka majinar da ke lulluɓe da tantanin har suka sami santsi. Abin da ke isa gare su kai tsaye shi ne abin da aka shaƙa, shi ya sa tururin ruwan zafi yake sanyaya su, hayaƙin taba kuma yake ƙona su.

Wata ɗabi'a da ta fi ba ni haushi ita ce wadda muke kira gyaran murya, sunan da a ganina bai dace da ita ba ko kaɗan. Duk lokacin da mutum ya yi wannan kakarin, yana gwara tantanin biyu ne da ƙarfi, su kuma su ƙara fitar da majina don kare kansu, sai ya ji yana bukatar ya sake, a haka har ta zame masa jiki. Kurɓar ruwa ko haɗiye yawu ta wadatar. Haka nan raɗa, wadda mai dasasshiyar murya yake zaton hutu ce, alhali sau da yawa matse maƙogwaro take sa shi yi.

Kafin waƙa, minti 10 zuwa 15 sun isa a ɗumama murya: a fara da sauti mai taushi baki a rufe, a kaɗa leɓɓa da iska, a hau a sauka a hankali, sannan a taɓa manyan muryoyi. Kada kuma a cika ciki a kwanta, domin ƙwannafi yakan hauro da ruwan ciki mai tsami har maƙogwaro cikin dare, a wayi gari murya ta shaƙe.

Amma ɓarnar da ta fi yawa a kan dandamali ake yin ta. Tun a 1911 wani likita Bafaranshe, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mutum yana ɗaga muryarsa ba tare da ya sani ba da zarar hayaniya ta kewaye shi. Mawaƙin da kiɗa ya danne, ba ya jin kansa, zai yi ta ƙaraji da jijiyoyin wuya a miƙe, yana ganin ƙwazo yake yi. Maganin wannan yana hannun mai kula da na'urar sauti da makaɗa: a juyo masa da lasifika ɗaya don ya ji muryarsa, a rage kiɗa, shi kuma ya matso da makirufo, ya ɗauko ƙarfi daga numfashin ciki, ya kuma zaɓi matakin da muryarsa ke iya kaiwa ko da wanda yake kwaikwayo ya fi haka sama. Hira cikin hayaniya bayan an tashi ita ma tana cin murya kamar waƙar kanta.

Zafi da dushewa gargaɗi ne, kuma masu tsotsar alewar da ke kashe raɗaɗi don su ƙarasa wasa suna toshe bakin mai gargaɗin ne kawai. Tantanin da ake ta gwarawa yakan yi kanta kamar tafin hannun mai aikin ƙarfi, wani lokaci ma ƙaramar jijiyar jini ta fashe a cikinsa, kamar yadda ya faru da mawaƙiyar Ingila Adele a 2011, har ta soke wasanninta aka yi mata tiyata a Amurka. Wanda muryarsa ta ɗauke farat ɗaya yana tsakiyar waƙa, ya yi shiru nan take ya nemi likita. Wanda kuma dushewarsa ta kai mako uku ba ta warware ba, musamman mai shan taba, ya je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a leƙa a gani. Wannan leƙawa ma wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuel García, yana cikin waɗanda suka share mata hanya, lokacin da ya kalli nasa tantanin da ɗan madubi a 1854.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin koyar da waƙa