Yadda kujerar gwamna ta yi ta sauya hannu a New York

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in yi tsokaci kan gadon mulki a jihar New York ta Amurka. Eliot Spitzer ya hau kujerar gwamna a Janairun 2007, bai cika wata 15 ba abin kunya ya sa ya yi murabus. Mataimakinsa David Paterson ya gaje shi ba tare da zaɓe ba, kamar yadda tsarin mulkin jihar ya tanada.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kujerar mataimaki ta zauna babu kowa, alhali mataimakin gwamna ne mai raba gardama idan ƙuri'u suka yi kunnen doki a majalisar dattawan jihar. A Yunin 2009 majalisar ta rabu 31 da 31, aiki ya tsaya cik har wata guda. Paterson ya naɗa Richard Ravitch mataimakin gwamna, aka garzaya kotu kan ko yana da ikon yin hakan, babbar kotun jihar ta amince da naɗin da ƙyar, alƙalai 4 suka rinjayi 3.

Andrew Cuomo ya karɓa a 2011, zargin cin zarafin mata ya sa shi ma ya sauka a Agustan 2021. Mataimakiyarsa Kathy Hochul ta gaje shi, mace ta farko a kujerar, ta kuma naɗa nata mataimakin nan da nan, albarkacin wancan hukuncin.

Wassalam,
Wani mai karatu, Kano