Wasiƙar Godiya ga Shugaba da Malaman Makarantar Unguwarmu a Jahun, Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, Malama Shugaba, bayan gaisuwa da fatan ke da malamanki kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a a madadin iyayen yaran ajin share fage, domin mu gode muku kan yadda kuka jawo mu cikin sha'anin karatun 'ya'yanmu.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ɗora wa kowane uba ko mariƙi alhakin sa yaronsa a makaranta har ya kammala shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Sai dai doka ba ta koya wa malami yadda zai zauna da uwar da ba ta yi boko ba har ta saki jiki ta faɗa masa abin da ke damun ɗanta, kuma a nan ne kuka yi fice.

Taron iyaye da malamai, wanda a makarantu da dama ba a kiransa sai za a yanka wa mutane kuɗi, kun mayar da shi ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin da ma'aikata ke hutu, masu rumfa a kasuwar Wunti da ta Muda Lawal su ma suna iya bar wa yaran shago rumfunansu su zo taron. Abin da ya fi burge ni shi ne zaman da kuka ware wa iyaye mata tare da malamai mata zalla. Iyaye mata ne ke wuni da yaran, su suka san wanda ba ya cin abinci da safe da wanda ke firgita cikin barci, amma a taron da maza suka cika ba za su buɗe baki ba, wasu ma mazajensu ba za su bar su su je ba. Saƙon murya da kuke turowa ta WhatsApp da Hausa ya sa wanda bai iya karanta takarda ba ya daina neman mai karanta masa.

Mun kuma yaba da yadda kuke duba katin rigakafi ranar ɗaukar yara, ba ku kori wanda nasa bai cika ba, kuna dai tura uwarsa asibitin sha-ka-tafi. Da damina, lokacin da jami'an lafiya ke bi gida-gida duk wata da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, malamanku kan tuna wa iyaye cewa maganin na kwana uku ne, kuma na rana ta biyu da ta uku a hannunsu yake, wanda shi ne ake yawan mantawa.

Roƙonmu ɗaya shi ne a ci gaba da karanta lissafin kuɗin kwamitin kula da makaranta a gaban iyaye, da mai unguwa da liman a zaune, ko da shugabanci ya sauya hannu.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya mana yaran cikin albarka.

Naku,
Wani uba, a madadin iyayen yaran ajin share fage,
Unguwar Jahun, Bauchi.