Gyaran Surar Itacen Junifa a Tukunya Ba Tare da Waya Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan bonsai, wato sana'ar nan ta rainon itace a cikin tukunya mara zurfi har ya ɗauki siffar tsohon itacen daji alhali tsawonsa bai wuce kamu biyu ko uku ba. Masu sha'awar wannan sana'a sun ƙaru a cikinmu saboda bidiyoyin da ke yawo a intanet, kuma kusan kowane bidiyo yana nuna gwani yana naɗa wayar tagulla a jikin rassa, yana lanƙwasa su, cikin ɗan lokaci itace ya sauya kama. Wannan ya sa mutane da yawa suna zaton cewa waya ita ce sana'ar, wanda bai iya naɗa ta ba kuwa bai fara ba. Ni ina ganin ba haka abin yake ba. Ana iya gyara surar itacen junifa, wani itace mai ƙamshi da ba ya zubar da ganye, da almakashi da hasken rana da ɗan zare kawai, muddin mai aikin ya fahimci halin itacen, kuma wannan hali shi ne abin da na fi son masu karatu su lura da shi.

Sana'ar ta girmi waya nesa ba kusa ba. Asalinta ƙasar Sin ne, inda ake kiranta penjing, kuma zanen da ke jikin bangon kabarin Yarima Zhanghuai, wanda aka yi a shekarar 706, yana nuna barori ɗauke da ƙananan itatuwa da duwatsu a cikin faranti. Daga can ta ƙetara zuwa Japan ta zauna. Naɗa wayar ƙarfe kuwa bai zama ruwan dare ba sai a farkon ƙarni na 20, kafin nan da igiya da gora da duwatsu masu nauyi da wuƙa ake aiki. A kudancin Sin, a lardin Guangdong da kewayensa, masu bin tafarkin da ake kira Lingnan sun shahara da gina itace ta hanyar datsewa kaɗai: a bar reshe ya yi tsawo har ya kai kaurin da ake so, a datse shi ya koma gajere, a jira sabon toho ya fito ta wata fuska, a sake barinsa ya miƙe, a sake datsewa. Kowace datsa tana barin gwiwa a jikin reshen, kuma kowace gaɓa tana fin ta gabanta sirantaka, shi ya sa rassan irin waɗannan itatuwa suke da kusurwoyi masu kaifi irin na itacen da iska da shekaru suka yi wa aiki, abin da lanƙwasar waya mai santsi ba ta cika bayarwa ba.

Sai dai a nan ne ya kamata a yi hattara, domin mutanen Guangdong sun gina hanyarsu ne a kan itatuwa masu faɗin ganye, waɗanda ko an sare su sun zama kututture za su sake tohowa daga jikin ɓawo. Junifa ba haka take ba. Itace ce daga dangin masu ganye kamar allura ko kamar ɓawon kifi, mai ƙamshi idan an murza ta, wadda ba ta zubar da ganye duk shekara. Alhazan da suka hau duwatsun Ɗa'ifa ko na Abha a Saudiyya sun ga 'yar'uwarta da Larabawa ke kira ar'ar, kuma irin wannan ce ke tsirowa a tsaunukan Habasha da Kenya. Waɗanda aka fi raino a tukunya su ne shimpaku ta Japan mai ganye laushi a cure, da procumbens mai rarrafe a ƙasa wadda ita ce aka fi sayar wa masu farawa, da tosho mai allura masu tsini. Dukansu halinsu ɗaya ne a kan abu guda: ƙarfin itacen yana cikin ganyensa, musamman bakin rassan da ke tsiro, kuma reshen da aka datse aka bar shi babu ko ɗan kore a jikinsa, a mafi yawan lokaci mutuwa yake yi. Wanda ya ɗauki hanyar Lingnan ya ɗora wa junifa ba tare da gyara ba, zai wayi gari da tukunya cike da busassun ƙirare.

Saboda haka ƙa'idar farko ita ce a datse reshe a koma kan wani ƙaramin reshe mai rai, ba kan itace tsirara ba. A ce ga reshe ya miƙe sambal zuwa dama, ana son ya karkato gaba. Sai a bi shi da ido daga gindinsa, a nemi ɗan reshen gefe mai lafiya, mai cikakken kore, wanda ya fuskanci inda ake so, a sa bakin almakashi a gaba da mahaɗarsu kaɗan, a cire abin da ya rage na babban reshen. Daga ranar, wannan ɗan reshe shi ne sabon jagora, kuma dole a ƙyale shi ya yi ta tsawo shekara ɗaya ko biyu ba tare da an taɓa shi ba, har kaurinsa ya kusa na uwarsa, mahaɗar ta daina kama da yanka ta koma kama da gwiwa. A wannan tsakanin itacen zai yi buyaya, ya fitar da dogayen rassa masu kama da bulala, har mai shi ya ji kunyar nuna shi ga baƙo. Wannan buyayar ita ce aikin kansa, domin ita ke tara wa itacen ƙarfin da zai jure datsa ta gaba, kuma ita ke sa reshe ya yi kauri.

Abin da ya fi ɓata mini rai a cikin shawarwarin da ake ba masu farawa shi ne cewa a riƙa tsinke bakin kowane toho da farce duk lokacin da ya leƙo, wai don itacen ya cure. An daɗe ana koyar da haka, amma gwanaye da yawa a yau sun bar shi, saboda sun lura cewa junifar da ake tsinke wa dukan bakunan tsiro tana raunana a hankali, launinta ya koɗe, rassan ƙasa su fara bushewa ɗaya bayan ɗaya, mai ita kuma ya ɗora laifin a kan ruwa ko taki. Mafi muni daga wannan shi ne a ɗauki almakashi a aske ta kamar shingen lambu, domin duk inda ƙarfe ya ratsa tsakiyar ganye wurin yakan yi ja-ja-ja ya bushe cikin 'yan kwanaki. Hanyar da ta dace ita ce a bar tsiron ya fito, sannan a zaɓi waɗanda suka zarce jikin curin ganyen, a riƙe kowanne da yatsu biyu, a zura bakin almakashi cikin curin har ya kai ga sandar tsiron, a yanke a nan inda idon mai kallo ba zai gani ba, a bar sauran ƙananan bakunan da ke kewaye su ci gaba da tsiro. Aiki ne mai cin lokaci, kuma hannu yakan fito da ɗanƙo da ƙamshin itacen, wani lokaci da ƙaiƙayi idan mai allura ce.

Itacen kuma yana da hanyar nuna cewa an matsa masa. Shimpaku da aka datse fiye da kima takan bar ganyenta mai laushi ta fara fitar da mai tsini irin na ƙuruciya, kuma wannan alama ce ta cewa tana ƙoƙarin farfaɗowa. Kuskure ne a bi wannan ganye ana cirewa don ba shi da kyan gani, domin hakan ƙara mata wahala yake yi. A bar ta ta huta, a ba ta rana da ruwa da taki daidai gwargwado, ganyen laushin zai dawo da kansa bayan ta samu ƙarfi, ko da hakan zai ɗauki shekara biyu. Shi ya sa masana ke gargaɗin kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a zama guda, kuma kada a haɗa babbar datsa da canjin tukunya a lokaci ɗaya, tunda taɓa saiwa ma rauni ne da ke bukatar jinya.

Bayan almakashi, babban abokin aikin wanda ba ya amfani da waya shi ne haske. Reshen junifa yana bin rana, ganyen da ya daɗe a inuwa kuma bushewa yake yi. Idan aka bar waje ya cure har haske ya daina shiga ciki, ƙananan tohon da ke kusa da gangar jiki za su mutu, kuma su ne waɗanda za a buƙata nan gaba idan ana son a gajarta reshe. Don haka ana cire ganyen da ya rataya a ƙarƙashin reshe, da wanda ya miƙe sama tsaye kamar mashi, da raunanan da ke cushe a hammatar rassa, sannan inda rassa uku ko huɗu suka fito daga wuri ɗaya a rage su su koma biyu. Da wannan kaɗai reshe yakan fito a shimfiɗe kamar tafin hannu, a ga sarari tsakaninsa da na samansa, itacen ya fara kama da tsoho ba tare da an lanƙwasa komai ba. Ana kuma juya tukunyar lokaci zuwa lokaci don kowane ɓangare ya samu rabonsa na rana, sai dai idan da gangan ake son wani reshe ya karkata wata fuska, a nan sai a bar shi yana kallon hasken.

Inda almakashi da haske suka gaza, akwai dabarun mutanen da. Ana ɗaura zare mai ƙarfi a jikin reshe, a sa ɗan ƙyalle ko guntun roba a ƙarƙashinsa don kada ya ci ɓawo, a ja reshen ƙasa a hankali, a ɗaure ɗaya bakin a gefen tukunya ko a jikin wani busasshen reshe, a riƙa ƙara ja kaɗan-kaɗan bayan 'yan makonni. Ana rataya ɗan dutse, ko a cusa guntun itace tsakanin rassa biyu don a raba su. Reshen junifa yana da taurin kai, yana son komawa inda ya fito, saboda haka zaren yakan zauna shekara guda ko fiye kafin reshen ya amince. Dabarar da na fi ganin an yi sakaci da ita kuwa ita ce sauya tsayuwar itacen gaba ɗaya a lokacin canjin tukunya. Itacen da yake tsaye ƙiƙam ba shi da wani fasali, idan aka kishingiɗar da shi gefe, reshen da ke gefensa ya koma kai, tsohon kan kuma ya zama reshe mai zubowa ƙasa, sai ka ga motsi ya bayyana a jikinsa wanda awa goma na naɗa waya ba za su samar ba.

Reshen da aka yanke shawarar cirewa ma ba a zubar da shi duka. A junifa ana barin guntunsa, a ɓare ɓawon, a tsaga bakinsa da filaya ya yi kama da wanda guguwa ta karya, Japanawa na kiran wannan jin. Idan kuma aka ɓare wani tsiri na ɓawon gangar jiki, shi ne shari. Ana shafa wa wurin ruwan haɗin farar wuta da farar ƙasa don ya yi fari ya kuma jure ruɓa. Hatsarin da ke nan shi ne kowane reshe yana da nasa layin ɓawo mai rai da ke haɗa shi da saiwarsa, wanda ya ratsa wannan layi da wuƙa ya kashe duk abin da ke samansa.

Ban rubuto wannan wasiƙa don in kushe waya ba. Manyan gwanaye irin su Masahiko Kimura na Japan suna amfani da ita, haka ma galibin itatuwan da ake kaiwa baje kolin Kokufu na birnin Tokyo, wanda aka fara a 1934, sun sha waya a rayuwarsu, kuma akwai murɗe-murɗen gangar jiki da almakashi ba zai taɓa samarwa ba. Su kansu shahararrun shimpaku na Itoigawa da ke lardin Niigata, dusar ƙanƙara da duwatsu ne suka murɗe su shekaru aru-aru kafin mutane su ciro su daga jikin tsaunuka, har suka kusa ƙarewa a daji, yanzu sai dai a dasa reshe a raina. Abin da nake cewa shi ne waya a hannun wanda bai san itacen ba tana da haɗari: tana nutsewa cikin ɓawo ta bar tabo mai zagaye da ba ya gogewa, lanƙwasa mai ƙarfi kuma tana raba ɓawo da itacen ciki ba tare da an gani ba, sai bayan makonni reshen ya bushe. Wanda ya fara da almakashi dole ne ya koyi inda itacen ke tsiro da inda yake rauni, kuma wannan ilimi ne zai amfane shi ko da daga baya ya ɗauki waya.

Ya rage in ja hankalin masu karatu da ke ƙasashenmu a kan abu biyu. Junifa itacen fili ce, ba ta rayuwa a cikin ɗaki ko a kan teburin ofis, kuma takan ci gaba da zama kore makonni bayan ta mutu, shi ya sa mai saye ba ya gane ya yi asara sai a makare. Sannan nau'o'in Japan sun saba da sanyin hunturu na gaske, zafin Afrilu a Kano ko Damagaram da busasshiyar iskar hunturunmu suna yi musu nauyi ƙwarai a cikin tukunya mara zurfi, sai dai a wurare masu sanyi irin su Jos ko Mambila za a fi sa rai. Wanda yake zaune a ƙasa mai zafi kuma yake son koyon wannan hanya ta datsewa, tsamiya da ceɗiya da durumi da kuka suna gabansa, dukansu ana rainonsu a tukunya, kuma dukansu suna tohowa daga tsohon ɓawo kamar itatuwan da mutanen Guangdong suka yi aiki da su. Ina roƙon jaridarku, idan hali ya yi, ta nemi masu gandun shuka da malaman aikin gona su yi wa masu karatu bayanin yadda ake dasa rassan waɗannan itatuwa da irin ƙasar da ta dace da su a tukunya.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum