Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Aka Kwana kan Takardar Shaidar Asalin Wuta

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu ƙananan tashoshin sola.

Bara war haka babban taro ya ɗora wa kwamitin zartarwa aiki guda: a binciko ko za mu iya samun kuɗin shiga daga takardar shaidar asalin wutar lantarki. Gara mu faɗa tun da fari, har yau ba mu sayar da ko takarda ɗaya ba, kuma matsalar daga wajenmu take.

Watannin farko sun tafi a wayar da kai. A zamanmu na farko wani dattijo cikinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Wutar da na riga na sayar wa mai injin niƙa, yaya zan sake sayar wa wani kamfani a Legas?" Amsar ita ce ba wutar ake sayarwa ba, shaidarta ce. Wuta in ta hau babban layi kamar ruwan kogi take, wanda ya kunna fanka a Kaduna bai san daga madatsar Shiroro ta fito ko daga tashar gas ba. Shi ya sa aka buɗe rajista. Duk megawat-awa ɗaya, wato yunit 1,000 na mita, ana ba shi takarda mai lamba, ɗauke da sunan tasha da lokacin da aka samar da wutar. Kamfanin da ya saya ya soke ta a rajista, shi kaɗai ke da bakin cewa ya yi aiki da wutar rana.

Tarayyar Turai ta sa wannan a dokarta tun 2001, kuma a ƙarƙashin dokar 2018 wata 12 takarda ke yi tana aiki. Mu a nan tsarin I-REC, wato tsarin ƙasa da ƙasa na ba da irin wannan takarda, shi ne ya shafe mu, wanda wata gidauniya a Holand ke kula da ƙa'idarsa. Mun kuma yi nazarin abin da ya samu Iceland a 2023, lokacin da aka dakatar da fitar da takardunta na ɗan lokaci bisa zargin ana ƙirga wuta ɗaya sau biyu. In ƙasa guda ta sha wannan, ina ga mu?

Da muka fita rangadi ne idonmu ya buɗe. A wata tasha mun tarar da lissafin wutar shekara a littafin makaranta, da biro, damina ta jiƙe rabinsa, yaron da ke rubutawa kuma ya tafi ci-rani. Farantin sola na aiki, baturi lafiya lau, amma ba mai ba da shaida a kan wannan littafin. Sai mita mai ajiye bayani da kanta. Ga kuma kuɗin rajista, wanda zai cinye ribar ƙaramar tasha in ta shiga ita kaɗai. Shawarar kwamiti ita ce mu haɗa tashoshinmu mu nema tare.

Akwai abin da bai yi mana daɗi ba. Wani dillali ya zagaya wasu mambobi da kuɗi a hannu, yana neman su sa hannu su mallaka masa shaidar wutarsu ta shekaru masu yawa. Wasu sun sa ba tare da sun karanta ba. Lauyan ƙungiya na duba takardun, amma waɗannan tashoshin ba za su shiga haɗakar ba sai an warware.

Sauran ayyuka a taƙaice: mun yi zama kan Dokar Wutar Lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, sannan biyan kuɗin wata na mambobi na tafiyar hawainiya, ma'aji zai karanta sunayen waɗanda ba su biya ba.

Kowa ya zo babban taro da lambar mitarsa, da hoton fuskarta, da kwafin duk takardar da ya taɓa sa wa hannu.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya