A saurari ƙasa tukuna kafin a zurfafa ramukan Riruwai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini. Ni tsohon malamin makaranta ne a ƙasar Doguwa, kuma duk wanda ya san Riruwai ya san kuza ce ta raya garin. Ana ta zancen farfaɗo da haƙar ma'adinai, ni ma ina maraba, domin samarinmu na neman abin yi ido rufe. Sai dai akwai abin da ban ji ana ambata ba: rami mai zurfi yana iya motsa ƙasa.

Kowane manomi ya san rumbu a kan duwatsu yake zaune. Ka zare dutse ɗaya, ba lallai rumbun ya faɗi ba, amma nauyin ya koma kan sauran. Haka abin yake a can ƙasa. A cikin dutse akwai tsofaffin tsage-tsage, inda ɓangare biyu suka daɗe a manne da juna saboda nauyin da ya danne su. In aka yi ta kwashe dutse daga ciki, nauyin sai ya karkata, wata tsagar ta ɗan zame, wani lokaci zamewar ba ta kai kaurin farce ba. Wannan ita ce girgizar. Yawancin irin waɗannan girgize-girgize ƙanana ne ainun, har ƙarfinsu a ma'aunin girgizar ƙasa kan sauka ƙasa da sifiri, wanda ke sama ba zai ji komai ba. Mai aiki a cikin ramin kuwa, dutse na iya fashewa ya yo kansa.

Afirka ta Kudu ta fi kowa sanin wannan. Mahaƙar zinare ta Mponeng, kusa da garin Carletonville, ta kai zurfin kusan kilomita 4. A irin waɗannan ramuka suna binne na'urori a jikin dutse masu sauraron motsi dare da rana. In an tayar da nakiya, ba a barin ma'aikata su koma wurin sai dutsen ya lafa. Duk da wannan kulawa, ranar 9 ga Maris 2005 girgiza mai ƙarfin 5.3 ta afka wa garin Stilfontein, ta kashe mahaƙa biyu, ta lalata gine-gine a cikin gari. A yankin Saarland na Jamus, girgizar da haƙar kwal ta jawo a Fabrairun 2008 ta sa aka dakatar da aiki, zuwa 2012 aka rufe haƙar kwal a yankin baki ɗaya.

Ba tsoro nake son sa wa jama'a ba. Ramukan da yaranmu ke haƙawa da diga da shebur ba su kai zurfin da zai taɓa irin waɗannan tsage-tsage ba. Haɗarinsu ruftawa ne, kuma wannan ma abin kuka ne. Damuwata ita ce ranar da manyan injuna za su iso.

Mun daɗe muna cewa ƙasarmu ba ta girgiza. To, ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a Satumbar 2018, har hukuma ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a wasu unguwanni. Sai bayan ta auku aka shiga gardamar mene ne sanadi.

Irin wannan gardama na gan ta a gidan ƙanena. Katangarsa ta dare daga sama har ƙasa a lokacin da ake fasa dutse kusa da su. Da ya kai kuka, aka ce masa ruwan damina ne. Ba shi da takarda, ba shi da hoton katangar tana lafiya. Ya sayar da tumaki biyu ya gyara, ya bar wa Allah. Da akwai na'ura a kusa, da ta nuna ranar da ƙasa ta motsa da sa'ar, ta kuma bambance jijjigar nakiya da zamewar tsaga.

Muna da cibiyar da ke lura da motsin ƙasa a Toro ta jihar Bauchi, muna da hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa. Roƙona ga gwamnatin Kano da ma'aikatar ma'adinai ta tarayya shi ne a kafa na'urar sauraro a Riruwai tun kafin a ba kowa izinin haƙa mai zurfi, don a san yadda ƙasar take a kwance. A zagaya da dagatai da masu unguwanni a ɗauki hoton gidaje da masallatai da rijiyoyin da ke kusa. Abin da na'urar ta gano kuma a riƙa karanta shi da Hausa a rediyo, a liƙa kwafi a ƙofar gidan hakimi.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
ƙaramar hukumar Doguwa, jihar Kano.