A bar baƙo ya ci tuwonsa kafin a ɗauke shi hoto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Rahotonku kan yadda hotunan fitattun mutane ke yawo a WhatsApp daga wuraren biki ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwanan baya na halarci walimar aure a unguwar Zariya, nan Maraɗi, inda wani ɗan wasan fim daga Kano ya zo a matsayin abokin ango. Ko hannu bai gama wankewa ba, salula kusan goma sun yi masa rumfa. Wani yaro har ya dafa kafaɗarsa alhali loma na bakinsa. Bawan Allah ya ture kwanon, ya yi murmushin dole, bai ƙara ci ba. Matan gidan da ke bayansa, wasu ko mayafi babu, duk sun shiga hoton ba da saninsu ba.

Wanda ya hau dandali ya san za a ɗauke shi. Wanda aka gayyata gida kuwa baƙo ne, kuma mutuncinsa na wuyan mai gida. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, amma ban ga abin kai wa kotu a nan ba.

Shawarata, mai biki ya sa sanƙira ya yi shela tun farko: ba hoto sai an gama cin abinci, sai baƙon ya yarda, kuma a ƙofar gida, nesa da zaman mata.

Naku,
Wani mai karatu daga Maraɗi