Gajerun Labaran Ban Tsoro: Ƙarfinsu Da Rauninsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in yi tsokaci a kan littattafan da ke tattara gajerun labaran ban tsoro.

A ganina gajeren labari ya fi dogo dacewa da tsoro, domin idan marubuci ya ja fargaba har shafi 300, mai karatu yakan saba da dodon, tsoron ya gushe. Amma a shafi goma kacal, ƙofar da aka kulle da dare aka wayi gari tana buɗe, ko muryar ɗan da ya rasu tana kiran uwarsa daga ɗakin da babu kowa, ta isa ta hana mutum barci, domin tana taɓa zafin rashi da kowa ke ɓoyewa a zuci.

Abin da ke damuna shi ne marubutan da ke cika shafuka da jini da yankan gaɓoɓi, suna ɗaukar ƙyama a matsayin tsoro. Sau da yawa kuma labari biyu ne masu kyau a littafin, sauran cikon shafi ne. Ina roƙon masu wallafawa su riƙa tacewa, su kuma rubuta a bango cewa littafin ba na yara ba ne.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku